Kafin Ki Tsaya Gaban Zumuntar Mata: Yadda Ake Tonon Nassi, da Misalin Littafin Rut

Yawanci a bakin ƙofar majami'a ake ɗora wa mutum wannan aiki. An tashi daga sujada, kina neman takalmin yaro a ƙarƙashin benci, sai Uwar Zumunta ta dafa ki ta ce, "Ke za ki yi mana koyarwa a makon mata, jigon shi ne mace mai aminci." Ki ce to, Mama, don ba a musu da babba a tsaye. Daga nan abin da yawancinmu muke yi shi ne farautar ayoyi. Duk inda kalmar aminci ta fito mu kwafe, mu jera guda goma sha, mu ɗinke su da "haka kuma" da "bugu da ƙari". Ranar taro a yi ta buɗe-buɗe, daga Farawa a tsallaka Titus, a dawo Zabura, tsofaffi kuwa tun a karatu na uku sun rufe nasu littafin sun naɗe hannu. A ƙarshe a ce amin, a yi tafi. Bayan kwana biyu ki tambayi wata me aka koyar, ta ce miki an dai yi magana a kan aminci.

Ni abin da nake gaya wa duk wadda ta zo neman shawara shi ne ta ɗauki nassi ɗaya ta zauna a kansa har ya fara ba ta abin da ba ta zo nema ba. Jigon da aka ba ki zai nuna miki wurin da za ki buɗe, amma nassin ne zai gaya miki abin da za ki faɗa. Bari in nuna miki da Littafin Rut, tunda shi ne mata suka fi gudu zuwa wurinsa idan aka ce aminci, shi ne kuma aka fi yi wa karatun sama-sama.

Fara da karanta shi duka a zama ɗaya, da murya. Surori 4 ne kawai, ayoyi 85, bai fi minti 15 ko 20 ba. Kada ki riƙe biro a karon farko. Ki karanta kamar labarin da wata ta kawo miki daga ƙauye. Wanda ya rubuta littafin bai sa masa lambobi ba. An raba Littafi Mai Tsarki sura-sura a ƙarni na 13, lambobin ayoyin da muke amfani da su kuma sai a ƙarni na 16. Suna taimakawa wajen nemo wuri, amma sun koya mana yankan magana a tsakiya. Dubi Rut 1:16-17, inda ta ce duk inda kika tafi nan zan tafi, mutanenki su zama mutanena, Allahnki ya zama Allahna. Sau nawa kika ji an karanta wannan a ɗaurin aure, ango da amarya suna kallon juna? Karanta daga aya ta 1 ki gani. Babu ango a wurin. Gwauruwa ce, Rut, take magana da surukarta Na'omi, ita ma gwauruwa, a kan hanya, bayan sun binne maza uku. Babu abinci a hannu, babu alkawarin komai a gaba. Sa'an nan ki lura da aya ta 18: Na'omi ba ta yi godiya ba, ba ta rungume ta ba, shiru kawai ta yi. Da suka isa Baitalami, a aya ta 21, ta gaya wa matan gari cewa ta fita a cike ta dawo hannu wofi. Rut tana tsaye a gefenta lokacin da take faɗin haka. Duk matar da ta taɓa yi wa dangin miji hidima aka yi kamar ba a gan ta ba, ta san zafin wannan ayar. Mai tsinto aya ta 16 ita kaɗai ba za ta taɓa ganin wannan ba.

A karatu na biyu sai ki ɗauko littafin rubutu, irin na 'yan makaranta ya isa. Ni nakan raba shafi uku. Gefe ɗaya abin da na gani a rubuce: wa ya yi magana, da wa, a ina, me ya biyo baya. Tsakiya tambayoyina, komai ƙanƙantarsu. Gefe na uku abin da wannan yake nufi gare mu. Wannan na ukun ki bar shi fayau har sai kin kusa gamawa. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi ki rubuta "mu ma ya kamata mu…", ki danne. Wadda ta yi saurin cika wannan gefen, ra'ayinta na dā take rubutawa, ta manna masa aya.

Ki sa ido a kan abin da aka maimaita. A Littafin Rut za ki ga ana ta kiranta mutuniyar Mowab ko bayan ta tare a Baitalami: 1:22, 2:2, 2:6, 2:21, har a ƙofar gari a 4:5 da 4:10. Mai ba da labari ya san mun riga mun san garinsu, to me ya sa ya ƙi bari mu manta? Wannan tambaya ce ta shafin tsakiya, amsarta kuma tana cikin Littafi Mai Tsarki kansa. Idan naki yana da ƙananan ayoyin nan na gefe ko na ƙasan shafi, yanzu ne amfaninsu. Farawa 19:30-38 zai ba ki asalin Mowab daga Lutu da 'yarsa. Littafin Ƙidaya 25:1-3 zai nuna miki yadda matan Mowab suka ja mazan Isra'ila zuwa bautar gumaka. Littafin Mahukunta 3:12-14 ya ce Eglon sarkin Mowab ya mallake su shekara 18. Maimaitawar Shari'a 23:3 kuma ta hana mutumin Mowab shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta goma. Idan kin karanta waɗannan huɗun, ki koma 1:19 ki tsaya cikin matan da suka fito kallon Na'omi. Yanzu kin san abin da yake zuciyarsu game da yarinyar da take biye da ita. A zumuntarmu ma akwai wadda aka auro daga wata ƙabila, ta haifi 'ya'ya har sun yi aure, amma har yau da sunan garinsu ake kwatanta ta.

Haka nan kada ki tsallake ayar farko don kina sauri ki kai wurin daɗi. Ta ce abin ya faru a zamanin mahukunta. Juya baya shafi kaɗan ki karanta Mahukunta surori 19 zuwa 21. Karatu ne mai ɗaga hankali, ba na gaban yara ba, kuma matar da aka wulakanta har ta mutu a sura 19 'yar Baitalami ce. Littafin Mahukunta ya rufe da cewa babu sarki a Isra'ila, kowa yana yin abin da ya ga dama. A irin wannan zamani Rut ta ce za ta fita gona ita kaɗai. Shi ya sa Bo'aza, mai gonar da ta shiga, ya ce ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta (2:9), Na'omi kuma ta ce gara ta manne wa 'yan matansa don kada a ci mutuncinta a wata gona (2:22). Matanmu na ƙauyukan da ake tsoron zuwa gona sai an haɗa ayari ba sa bukatar dogon bayani a nan.

Inda na fi so ki daɗe shi ne batun kala. Mu nan mun san kala, mun yi kalar gyaɗa da ta dawa muna yara, don haka mukan wuce wurin da sauri muna tsammani mun gane. Buɗe Littafin Firistoci 19:9-10 da 23:22, da Maimaitawar Shari'a 24:19-22. A Isra'ila kala doka ce. An hana mai gona girbe gefen gonarsa kakaf, an hana shi komawa ya tsince abin da ya zuba, ko dami ya manta a gona an ce kada ya koma ɗauka: na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Ke nan Rut ba bara ta je ba, hakkin da Allah ya ajiye wa irinta ta je nema, ita da take baƙuwa kuma gwauruwa. Da wannan ma'aunin za ki iya auna Bo'aza daidai. Doka ta ce a bar mata abin da ya zuba. Shi ya kira ta cin abinci tare da magirba, ya miƙa mata gasasshen hatsi da hannunsa, ya ce a bar ta ta yi kala har tsakanin dammuna, a riƙa zaro mata zangarniya da gangan ana yarwa, kada kuma kowa ya tsawata mata (2:14-16). Sai ki auna Rut ita ma. Tun safe take sunkuye har yamma, ta sussuka abin da ta tara da kanta, ya kai wajen efa guda na sha'ir (2:17). Masana suna ƙiyasta efa kusan lita 22, wato ya ɗan ɗara jarka mai lita 20. Ta ɗauko shi zuwa gari, ta kuma fito da ragowar abincin ranar da ta ɓoye wa surukarta. Haka ta yi ta yi har aka gama girbin sha'ir da na alkama (2:23), kusan wata biyu. Idan za ki yi maganar aminci, ga shi nan da ƙura a ƙafa da ciwon baya. Ki kawo jarkar ki ajiye a gaban mata idan kina so. Za su tuna da ita fiye da duk wani bayani.

Game da kayan aiki, ba sai kin tara littattafai ba. Abu na farko shi ne fassara fiye da ɗaya. Da Hausa muna da tsohuwar fassara ta 1932, wadda iyayenmu da yawa suka haddace ayoyinsu daga ciki, da ta 1979 da ta cika majami'u, ga kuma Sabon Rai Don Kowa. A manhajar YouVersion za ki sami Hausa a waya, akwai kuma na sauti ga mai son ji tana aikin gida. Ki karanta surar a biyu. Inda suka yi daidai ki wuce, inda suka bambanta ki sa alama, don yawanci wurin yana da wuya ne tun asali, bai kuwa kamata ki gina dukan koyarwarki a kan kalma ɗaya da fassara ɗaya ce kawai ta kawo ba. Ki kuma san wadda yawancin matan suke riƙe da ita. Wani littafin ya ce Mahukunta wani Alƙalai, wani Yahaya wani Yohanna. Ki faɗi duka biyun, kada wata ta ɓata minti biyar tana neman abin da yake gabanta.

Littafin sharhi shi ne na ƙarshe, bayan shafin tambayoyinki ya cika. Idan kin fara da shi, da idon marubucin za ki karanta nassin. Ga mai jin Turanci, Africa Bible Commentary, wanda ya fito a 2006 ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, malaman Afirka 70 ne suka rubuta shi, kuma sun san zaman gidan gandu da halin gwauraye. Mutanen Jos suna iya leƙa kantin Challenge ko na ACTS a Bukuru. In kuɗi bai kai ba, ki je wurin fasto ko Mama matar fasto da tambayoyinki a rubuce ki ari nasu. Fasto yakan ji daɗin tambaya mai lamba, irin "Baba, me ya sa mutumin nan ya tuɓe takalmi a 4:8?", fiye da "Baba, a taimaka mini da wani abu a kan Rut."

Abin da ake turowa a WhatsApp kuwa, ki yi hattara. Wa'azin da aka shirya wa wasu mutane a wata ƙasa ba lallai ya dace da benci na gabanki ba, kuma da yawa suna cusa wa nassi abin da bai faɗa ba. Za ki ji an ce Elimelek, mijin Na'omi, da 'ya'yansa sun mutu ne saboda hukuncin barin Baitalami. Nemi ayar da ta ce haka, babu. Za ki ji an mai da Orfa, matar ɗayan ɗan Na'omi, misalin mai ja da baya. Littafin bai zarge ta ba ko sau ɗaya: ta yi kuka, da farko ta ƙi komawa, daga baya ta bi maganar surukarta da ta matsa mata. Ya halatta ki ce "a ganina", amma ki raba shi da "Littafi ya ce", mata su ji bambancin a bakinki.

Sura 3 da 4 suna bukatar natsuwa. Akwai dokoki biyu a bayansu: Firistoci 25:25, inda dangi na kusa yake fansar gonar ɗan'uwansa da talauci ya sa ya sayar, da Maimaitawar Shari'a 25:5-10, inda ɗan'uwan mamaci yake auren matarsa don kada sunan mamacin ya ɓace. Ki karanta su gefe da gefe da Rut 4, za ki ga ba su zo daidai ɗari bisa ɗari ba, don Bo'aza ba wa ko ƙanen mijin Rut ba ne, dangi ne kawai, akwai ma wanda ya fi shi kusa. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, don har yanzu a wasu garuruwa ana matsa wa gwauruwa ta zauna da ɗan'uwan miji ko ta bar gida da gona. Babu wanda ya tilasta wa Rut. Na'omi ta sallame ta tun a 1:8-13, Bo'aza da bakinsa ya ce da ta so da ta bi samari (3:10), kuma 1 Korantiyawa 7:39 ta ce gwauruwa tana da 'yancin auren wanda take so, muddin cikin Ubangiji. Zuwan Rut wurin Bo'aza a masussuka da dare a sura 3 kuma labarin abin da ya faru ne a cikin al'adarsu, ba darasin yadda ake kama miji ba. Na sha jin an yi raha da wurin nan, ana dariya har da guɗa, alhali 'yan mata suna zaune a baya suna ɗauka.

Kada ki tsaya kafin ki kai ga Yesu, amma ki bi hanyar da littafin ya shimfiɗa. Ya rufe da jerin sunaye: Bo'aza ya haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda. Matiyu 1:5 ya ɗauko jerin ya sa sunan Rut a cikin asalin Almasihu, a aya ɗaya da Rahab. Baƙuwar da doka ta tsayar a bakin ƙofa ta zama kakar Mai Ceto. Wannan ya isa. Ba sai kin ce sha'ir yana nufin kaza, takalmi yana nufin kaza ba.

Yanzu littafin rubutunki ya cika, a nan ne kuma aikin yake da ciwo, don yawancin abin da kika tono ba zai shiga koyarwar ba. Ba duk abin da aka girbo ake zubawa a tukunya ba, saura na rumbu ne. Ki rubuta jimla ɗaya da za ki iya faɗa wa maƙwabciyarki ta kan katanga. Da ni ce, ga tawa: Allah ya cika hannun Na'omi ta wurin amincin mutanen da suke yin aikinsu na kullum. Na same ta ne daga lura cewa a dukan littafin babu mala'ika, babu mafarki, babu al'ajibi; wuri biyu kaɗai labarin ya ambaci aikin Ubangiji kai tsaye, ba da abinci a 1:6 da ba da ciki a 4:13. Sauran duka ta hannun mutane ya bi. Matan garin nan da suka ji Na'omi tana cewa hannu wofi, su ne a 4:15 suka gaya mata cewa matar ɗanta ta fi mata 'ya'ya maza bakwai, su ne ma suka raɗa wa jaririn suna. Taki jimlar tana iya bambanta da tawa. Duk abin da bai taimaka mata ba, ko ya burge ki, ki bar shi a littafin rubutu don wani karon.

Sai yanzu za ki cika gefe na uku, kina tuna fuskoki. Addu'ar da kike yi tun ranar farko a nan take ƙara nauyi, don za ki kira su ɗaya-ɗaya a zuciya: wadda ta binne miji bara, wadda ta shekara goma ba haihuwa (Rut ma ba a ambaci ɗa gare ta a Mowab ba), suruka da matar ɗa da suke zaune benci ɗaya ba sa ga maciji. Kada ki yi wa gwauraye alkawarin cewa Bo'azansu yana hanya. Nassi bai ba ki wannan izini ba, Na'omi ma ba ta sake aure ba, 'ya'yanta kuma ba su dawo ba. Kada ki kawo misalin da rabin ɗakin zai gane da wa ake. Kuma abin da za ki roƙa su yi ya zama abin da za a iya yi kafin taro na gaba, kamar a ware mudu daga girbin bana don gwaurayen unguwa, ko a je gaishe da baƙuwar da aka auro.

Ki gwada faɗinta da murya kina duba agogo. Idan an ba ki minti 30, ki shirya na 25, don waƙa za ta ci lokaci, jariri zai yi kuka, makirfo zai ɗauke. Mafi kyawun gwaji shi ne ki faɗa wa wata da ba ta karatu, ko wadda Hausa ba harshen gidansu ba ce, sa'an nan ki ce ta maimaita miki. Inda ta yi tuntuɓe, nan ne za ki gyara. Labarin ki ba da shi da bakinki, ki zaɓi wurare biyu ko uku kawai da za a buɗe a karanta, ki kuma ba mai karatun ayoyinta tun kwana biyu kafin ranar don ta saba da sunaye irin su Elimelek da Kiliyon. Takardar da za ki riƙe ta zama guda ɗaya, da manyan baƙaƙe. Daren jajibiri ki buɗe kowace aya da kika rubuta ki tabbatar lambar daidai ce, har da waɗanda na ba ki a nan.

Idan akwai lokacin tambayoyi, ki sa rai za a tambaye ki batun gadon gwauruwa ko na masussuka, don haka ki riƙe Maimaitawar Shari'a 25 da 1 Korantiyawa 7 da alama a ciki. Tambayar da ta fi ƙarfinki kuwa, ki ce magatakarda ta rubuta, ki kai wa fasto, ki kawo amsar a taro na gaba.